Maisikeli Ya Auna Kansa

Maigidana gyaran sikeli yake yi, shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa sai da Maisikeli. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Matsalarsa ɗaya ce, baki. In yana ba da labarin ƙarfinsa sai ka rantse shi ya dasa ginshiƙan gadar gari. Wai ya taɓa hawa bene da firji shi kaɗai. Ni dai na san firjin, na kuma san mutanen da suka riƙe ɗaya gefen.

Wata safiya yana shan shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai na ga ya ajiye kofin a hankali kamar wanda ya hango maciji.

"Baiwar Allah, zo ki gani."

"Me zan gani?"

"Sharaɓata. Zuba ido nan. Tsaya... yauwa, ga shi!"

Na duba. Wani ɗan wuri a naman ƙafarsa ya yi ɓal-ɓal kamar ƙaramin kifi a ƙarƙashin fata, ya tsaya, ya sake yi.

Na ce, "Gajiya ce, Malam. Jiya a tsaye ka wuni."

"Gajiya? Ni? Tun da kike da ni kin taɓa ganin na gaji?"

Na taɓa gani, amma na ɗauke kofin na koma aikina.

Kafin azahar ya gama da wayarsa, ko in ce wayar ta gama da shi. Ya shigo ya mayar da ƙofa, ya rage murya.

"Ki yi haƙuri da abin da za ki ji. Akwai wani ciwo da yake kashe jijiyoyin da ke motsa jiki. An ce har da rawar nama a cikin alamunsa. Daga nan ƙarfi ya yi ta zarewa, hannu ya kasa riƙe cokali, ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita."

Na yi salati, na roƙa wa masu fama da shi sauƙi.

Ya ɗaga yatsa. "Kuma ba kowa yake kamawa ba. Sai a cika filin ƙwallo da mutane ba a samu mai shi ko ɗaya ba. Amma kin ga ni ya zaɓa."

"Haba Malam, har da ciwon ma sai ka yi tinƙaho?"

"Ba tinƙaho ba ne, bayani nake miki."

Bakinsa ne kawai ke wannan. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, gumi na bin wuyansa. Na ɗauko mayafina na ce, "To tashi mu je asibiti."

"Asibiti? Ni da nake auna kayan garin nan kaf, in kai kaina wani ya auna ni?"

Na gane nan take. Ba raina likita ya yi ba. Tsoro yake ji kada ya je a ce masa eh, shi ne. Da ya ji wannan kalmar gara masa ya yi ta zama da ɓal-ɓal ɗinsa.

Bai daɗe da komawa shago ba ya leƙo, fuska a sake. "Na samo dabara! Ciwon nan ƙarfi yake ci, ko ba haka ba? Ƙarfi kuwa abin aunawa ne. To wa ya fi ni sanin awo? Ni zan zama likitan kaina. In ƙarfi bai ragu ba, ba ciwo. Amma kada kowa ya ji."

A lokacin akwai sikeli uku da aka kawo masa gyara. Akwai babba mai ƙugiya na Mai Gwangwan, wanda yake sayen tsofaffin ƙarafa a ƙarshen layi. Akwai na tebur mai faranti na Mahauci. Sai kuma na takawa da ƙafa, na maƙwabciyarmu matar Direba, wadda ta daɗe tana yaƙi da ƙiba. Maigidan ya raba musu aiki. Na Mai Gwangwan zai dinga ja don auna damtse, na Mahauci zai danna da babban yatsa, na matar Direba kuma ya tokara shi jikin bango ya tura da ƙafar mai rawa.

Ya rataye babban a sandar rumfar shago, ya tofa yawu a tafi, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Inda allurar sikelin ta tsaya ya ɗiga alli a jikin gilashin. Haka ya yi wa sauran biyun.

"Kin gani? Doki ma iyakarsa ke nan. Zubo min abinci, ki ƙara."

Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Ashe farawa aka yi. In ya sha shayi sai ya ja. In ya sallami mai gyara sai ya ja. In ya yi atishawa sai ya koma ya duba ko ta tafi da wani abu. Washegari damtsen ya yi tsami, ko hula da ƙyar ya ɗora. Ya ja sikelin, allura ta tsaya can ƙasa da alli tana kallonsa.

Ya shigo yana jan ƙafa. "An fara."

"Me aka fara?"

"Zarewa. Ki kula da yara."

"Malam, jiya wuni ka yi kana kokawa da ƙarfe. Ko jaki ne ai zai nemi hutu."

"Ki daina haɗa ni da jaki, ki dafa min shayi. Baƙi ƙirin, mai kauri. Ƙarfi nake nema."

Ya sha kofi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Barci ya ƙaurace masa. Rawar naman ta bar sharaɓa ta hau damtse, daga nan ta yi tsalle ta sauka a fatar ido. Duk inda ta sauka sai ya kira ni shaida, kafin in zo ta tsaya, ya ce ni ce mai nauyin ƙafa.

Wayar kuma ba ta bar shi haka ba, ta koya masa wasu gwaje-gwajen. Wai ya yi tafiya a kan dunduniya. Haka ya tafi masallaci, yatsu a sama, yana tangaɗi kamar agwagwa a kan kwalta mai zafi. Direba ya tsayar da shi a hanya.

"Maisikeli, lafiya? Ƙaya ka taka?"

"Motsa jiki ne na zamani. Ba kowace ƙafa ke iyawa ba."

"Allah ya bar mu da tamu ta dā."

Wai kuma ya duba harshensa ko yana rawa. Ba madubi a shago, sai ya tsaya jikin gilashin taga ya zaro harshe har haɓa. Daidai nan matar Direba ta zo wucewa ta waje.

"La'ilaha! Baban yara, ni kake wa gwalo? Da girmanka?"

"Ba ke ba ce, aiki nake yi."

"Da harshe ake gyaran sikeli yanzu?"

Sai da na fita na ba ta haƙuri, na ce zafi ne ya yi masa yawa.

Ana haka wata rana na ji ihu daga shago. Na fita da gudu, hannuna duk kumfa.

"Na gano! Sikelin ne! Ke ki duba, me ya sa aka kawo su wurina? Ba don sun lalace ba? To lalataccen sikeli ne zai faɗa min ƙarfina ya ragu?"

"To ai da sauƙi. Ɗauko duwatsun awo ka gwada su."

Duwatsun awo wasu dunƙulallun ƙarafa ne da kowanne aka san nauyinsa, da su yake tabbatar da gaskiyar sikeli tun kafin a auro ni. Suna jere a kan kanta. Ko kallonsu bai yi ba.

"Waɗannan? Ƙarfe ne, tsatsa na cinsa. Hannuna kuwa tare aka haife mu, na san abin da yake ja."

Ya ɗauki sukundireba ya buɗe bayan babban sikelin, ya sassauta sifirin ɗin ciki, murɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe allura. Ya ja. Allura ta taɓa alli. Ya ƙara sassautawa kaɗan. Ta wuce alli.

"Allahu akbar! Ƙaruwa ma yake yi!"

Na ce, "Malam, awo amana ne fa. Ka ji tsoron Allah, kayan mutane ne."

"Kafin su zo karɓa zan sake dubawa."

Bai sake dubawa ba, sai dai ya sake sassautawa. Kullum hannu na ƙara tsami, kullum sukundireba na ƙara aiki a kan sikelin nan uku. Ya kai har ƙuda in ya sauka a farantin Mahauci sai allura ta gaishe shi. Da masu su suka zo karɓa, na tsaya a bakin ƙofa ina masa ido. Ya kau da kai. Mayar da sikelin nan daidai yana nufin ya yarda allura ba ta kai alli ba, shi kuwa ba zai iya ba. Har cewa ya yi wa Mahauci, "Na yi masa gyaran da ko waɗanda suka ƙera shi ba su yi ba."

Na so in bi su in faɗa, na tuna ya ce kada kowa ya ji. Na yi ta juya abin a raina, ina roƙon Allah ya kawo mafita wadda ba za ta kunyata shi da yawa ba. Rabin addu'ar aka amsa.

Matar Direba ce ta fara shigowa, ido a kumbure. Ta zube a tabarma.

"Maman yara, na shiga uku. Ruwa kawai nake sha da ganye, amma kullum hawa nake yi. Jiya na hau sikeli allura ta zagaye ta dawo."

"Ai ni gani nake kin rame."

"Kada ki lallashe ni. Sikeli ba ya ƙarya, Baban yara ne ya gyara shi."

Ana cikin haka sai hayaniya ta tashi a waje. Na leƙa. Mahauci ne a gaba, rungume da sikelinsa, bayansa mata masu cefane suna ta magana lokaci ɗaya. Ga Mai Gwangwan ya turo kurarsa, babban sikeli a ciki. Ga Direba, wanda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Masu shagunan layi duk suka fito, har mai aski da almakashi a hannu.

Mahauci ya dangwara sikelin a kan kanta. "Maisikeli, me na yi maka? Tun da nake sana'a ba a taɓa ce min ɓarawo ba sai makon nan. Wannan baiwar Allah ta ce kilo ɗaya na ba ta, ta je gida magenta ta cinye a loma biyu!"

"Magen ce mai haɗama," in ji maigidan.

Direba ya matso. "Ni kuma gidana an daina ɗora tukunya. Ta ce in ita ba za ta ci ba, ba mai ci. Dube ni. Ganye nake ci kamar zomo."

"Ai ya karɓe ka, ka yi haske."

"Hasken yunwa ne!"

Mai Gwangwan bai ɗaga murya ba, shi abin ya wuce faɗa. Ya ce, "Ni da farko murna na yi. Mutane har daga bayan gari suke zuwa, layi har titi, kowa na sa min albarka. Wata tsohuwa ta kawo murfin tukunya, na auna, na ce Baba wannan murfin ko na rijiya ne? Sai da na kai kayan babban wurin saye aka auna, aka tambaye ni ina sauran."

Ya ɗauko wata tsohuwar buta, ya rataye sikelin a sandar rumfa, ya maƙala ta. Allura ta yi tsalle.

"Jama'a ku karanta. Buta ce ko rago?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce a yanka ta a raba.

Wani mutum da nan zai ce a yi haƙuri, kuskure ne. Ba maigidana ba. Ya gyara hula, ya naɗe hannun riga.

"Ku saurara. Sikelin nan da hannuna na gwada shi, hannuna kuwa bai taɓa ƙarya ba. Kun ga allin can? Yanzu zan ja, in allura ba ta kai ba ku kira ni duk sunan da kuka ga dama."

Na ce daga bakin ƙofa, "Malam, don Allah ga duwatsu nan."

"Koma ciki, baiwar Allah, maganar maza ce."

Ya cire butar, ya kama ƙugiya da hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya ce bismillah, ya ja da duk abin da Allah ya ba shi. Sifirin da aka yi ta sassautawa ya ce ya gaji. Ƙugiya ta taho a hannunsa, shi kuma ya tafi da baya. Ya kama sandar rumfa don kada ya faɗi, sanda ta biyo shi, kwanon rumfa ya biyo sanda. Bayansa ya daki kanta, duwatsun awon da ya raina suka gangaro ɗaya bayan ɗaya, babbansu ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa.

Da ƙura ta lafa aka ɗaga kwano, sai ga shi zaune a ƙasa, hula a kunne, wando ya naɗe har gwiwa. Sharaɓar nan kuwa, kamar ta san an taru, ta shiga ɓal-ɓal a gaban kowa.

Ya nuna ta da ƙugiyar da ke hannunsa. "To ku gani! Ga abin da nake ɓoye muku! Ciwon jijiya ne, mai zare ƙarfi. Tafiya zan yi, jama'a. Ƙarfina nake aunawa da sikelinku. Ku yafe ni."

Matan cefane suka fara salati. Mahauci ya durƙusa ya ƙura wa ƙafar ido, tausayi ya kama shi.

"Haba, wannan ne? Kwantar da hankalinka. Ai kullum ina gani. Naman da na yanka yanzu-yanzu ma haka yake yi a kan tebur."

"Kun ji ko! Yankakken nama! Wayyo Allah!"

"Kai Mahauci, rufa mana baki," in ji Direba. "Maisikeli, ni in na yi doguwar tafiya cinyata wuni take tana wannan."

Mai aski ya ce nasa a babban yatsa yake. Matar Direba ta ce fatar idonta tun da ta daina cin abinci ba ta huta ba. Kafin ka ce me, rabin layi na nuna inda nasu ke rawa.

Maigidan ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa a ɓace. "Naku daban. Nawa na musamman ne."

Na tsuguna kusa da shi, na ga yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Na ce, "Malam, ko na musamman ne ko na kowa, yau sai asibiti."

"Ba inda za ni."

"To tashi ka shiga gida."

Ya yunƙura, ya taka, ya koma ya zauna da ƙara. Mai Gwangwan ya juyo da kurarsa. Maza suka ɗauke shi cak suka ɗora a inda ake ɗora tsofaffin ƙarafa, Direba ya tafi ɗauko mota a bakin titi. Haka aka tura shi tsawon layi, yana rufe fuska da hula, Mai Gwangwan na cewa, "Da da sikelinka zan auna ka, yau na sayi giwa."

A asibiti aka ɗaure yatsan, an ce ya tsage. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta gama za ta sallame mu, maigidan na ta waige-waige yana neman ƙofa, na ce a raina yau ko ya yi fushi sai na faɗa.

"Likita, akwai wata maganar. Namansa ke rawa, yana tsoron ciwon jijiya ne."

"Ni ban ce ina tsoro ba," in ji shi, amma a hankali.

Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Cokali na faɗuwa daga hannunsa? A'a. Yana tuntuɓe? A'a, sai in rumfa ta faɗo masa. Magana ko haɗiya na masa wuya? Na ce magana kam ko kusa. Ta sa ya tura hannunta, ya ja, ta duba harshen da aka yi wa matar Direba gwalo da shi, ta ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar guduma. Sannan ta miƙa masa yatsunta biyu ta ce ya matse.

Na ga ya rufe ido, leɓensa na motsi. Duk tsoron da ya kwasa tun daga safiyar nan ya zuba a matsar.

Bayan ta karɓi hannunta ta yarfe, ta ce ba ta ga alamar rauni ko ɗaya ba. Rawar nama haka kawai, in ji ta, abu ne da ke samun mutane da yawa, kuma gajiya da baƙin shayi da rashin barci da damuwa duk suna ƙara ta. Ta ce ya rage shayi, ya bar gwada kansa, in kuwa wata rana ya ga hannu ko ƙafa sun kasa aikin da suka saba, ya dawo wurinta, ba wurin waya ba.

Can ya sunkuyar da kai ya ce alhamdulillahi, sau uku, da wata murya da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba. Na juya ina gyara mayafi don kada ya ga idona.

Sikelin nan uku a zaune ya gyara su, ƙafa a kan kujera, ni ina miƙo duwatsu, masu su suna tsaye a kansa. Ya bi matan cefane da ban haƙuri, Mahauci kuma ya cika musu abin da ya tauye. Mai Gwangwan ya ce ya yafe, da sharaɗin duk tsohon ƙarfen shagon nasa ne, har da kwanon rumfa. A daren da matar Direba ta hau sikelinta ta ga gaskiya, ƙamshin girkinta har layi na gaba.

Sharaɓar tana ɗan yin ɓal-ɓal ɗinta jefi-jefi. Yakan dube ta ya ce, "Yi ki gama." Sai dai bakin yana nan yadda yake. Jiya ina shara na ji shi yana ba mai aski labari.

"Likita da kanta, da na kama mata yatsu, cewa ta yi tun da take aiki ba ta taɓa gamuwa da hannu irin nawa ba."

Ni dai ina wurin. Abin da ta ce shi ne, "Malam, don Allah sakar min yatsu."